Farar Mota a Bayan Ƴan Dako

Cikin shekaru talatin da ɗaya da na yi ina tuƙa motar gwamnati, akwai rana guda da ta ƙi fita daga raina, ita ce ranar da birnin Yamai ya karrama mawaƙinsa, Tankon Dako. Ku da kuka shigo garajin nan bayan na ajiye aiki kun sha jin tsofaffi na kirana Lawali mai gammo, kuna dariya ba ku san mafari ba. To ku gyara zama, yau zan gaya muku da bakina.

Wata Asabar ce a tsakiyar bazara, shekarar da damina ta ƙi mu har gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Soja ke mulki a lokacin. Sarbis ɗinmu ma, wato ma'aikatarmu, wani hafsan soja aka ɗora a kansa, Komanda muke ce masa, sunansa kuwa ba zan faɗa ba. Dogo ne, marar yawan magana, kuma bai san wani abu wai shi uzuri ba. Wata guda kafin wannan rana ya kori wani abokin aikinmu don ya kawo mota a makare da minti goma. Ko zama bai ce ya yi ba, a tsaye ya miƙa hannu ya karɓi makulli. Daga ranar kowa a garajin ya shiga taitayinsa.

Ni kuwa na fi kowa dalilin jin tsoro. Ina zaune a unguwar Lamorde, gidan haya mai ɗaki biyu, ga mata ga ƴaƴa huɗu. Da fari ya tsananta sai dangi suka fara saukowa daga ƙauyenmu na wajen Dakoro: yayata da ƴaƴanta, ƙanin babana da ya rasa shanunsa duka, da wasu da sai da aka yi mani bayanin dangantakarmu. Mutum goma sha tara muke ci a tukunya ɗaya, kuma aikina kaɗai ke sa a ɗora ta. In aka karɓi makullin nan daga hannuna, ban san inda zan kai su ba.

Ga wanda bai san aikinmu ba, direban biki ba ya fita sai da takardar aika, wadda muke kira ordir. A cikinta akwai sunan wanda za ka ɗauko, da inda za ka same shi, da lokacin da za ka sauke shi. Dokoki uku ake karanta maka ranar da ka fara aiki: ba ka ɗaukar wanda ba ya cikin takarda, ba ka barin mota ba kowa, kuma ba ka makara. Ni a lokacin ina ji da kaina. Kakina kullum a goge, takalmi na ƙyalli, farar motar da ake ɗaukar manyan baƙi a hannuna take. Har tafiyata ta canja, in ji matata.

Shi Tanko haifaffen Yamai ne, a tsohuwar unguwa ta bakin kogi. Ubansa ɗan dako ne mai sauke kayan jiragen ruwa, shi ma ya yi dako har bayansa ya gaza, sannan ya rataya ƙaramar ganga ya zama mawaƙin ƴan dako. Kun san kowace sana'a tana da mawaƙinta, mahauta da nasu, maƙera da nasu. Shi na masu ɗaukar kaya ne, yana yi da Hausa yana juyawa Zabarmanci ba ka jin inda ya sauya. Da rediyo ya ɗauki muryarsa sai ya zama na kowa. Teloli na taka keke da waƙarsa, ƴan taksi na rera ta, mata na daka da ita. A shekarar farin nan kusan kowace safiya da muryarsa gari ke tashi, don ita kaɗai ce ba ta yi wa mai jin yunwa ƙarya cewa komai lafiya.

Shi ya sa aka kafa kwamiti, Komanda na shugabanta, aka ware mako guda don girmama shi. An rataya ƙyallaye masu sunansa a manyan hanyoyi, ƴan lakkol, wato ƴan makaranta, sun haddace waƙoƙinsa, an zaɓi wani titi da za a sa wa sunansa. Ranar ƙarshe kuma za a taru a wani fili a unguwar Pilato, a gaban manyan gari, a ba shi babbar riga da lambar girma. Ni aka ba ordir na kai masa takardar gayyata, kuma ni zan ɗauko shi ranar bikin.

A wajen kai takardar nan na yi kuskuren da ya kusa cinye ni. Na same shi a rumfar ƴan dako a kasuwar Wadata, zaune a ƙasa kan buhu. Kusa da shi akwai wani tsoho kan benci, da jar hula da sanda. Na yi sallama ta gaba ɗaya, na wuce tsohon, na miƙa wa Tanko ambulan. Bai buɗe ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ya miƙa wa mai jar hula.

"Ɗana, Sarki za ka gaya ma," in ji shi. "Ni nasu ne."

Na ɗauka rashin iya karatu ne ya sa. Sai na karɓi takardar, na karanta da ƙarfi da Faransanci don a san na iya, na maimaita da Hausa, na ce ranar Asabar zan zo gida da mota. Ban ce wa tsohon uffan ba. Daga baya na san shi ne Sarkin Dako Hamidu, wanda duk ɗan dakon kasuwar ba ya ɗaga kaya sai da saninsa. A ranar dai na koma mota ina kaɗa makulli a yatsa.

Ranar Asabar, Mushe Sumana, wato Malam Sumana a Faransance, mai tsara zaman baƙi a tiribin, rumfar manya ta bikin, ya kira ni gefe. Bazabarme ne, Hausarsa ta kasuwa ce, gajera kuma a miƙe.

"Lawali, ƙarfe uku da rabi tsoho yana bayan tiribin. Komanda ya zo ƙarfe huɗu. Kai ka san shi, ni na san shi."

"Ba matsala, shef," na ce.

Ƙarfe biyu na fita, don in samu rara. A gidan Tanko na tarar da matarsa a tsakar gida, ga wankakkiyar rigarsa a ninke kan tabarma, shi ba ya nan. Ta ce tun azahar aka aiko kamiyo, manyan motocin hatsi, sun iso, ya ɗauki ganga ya fita. Na tambayi ko ya manta da ranar. Ta dube ni ta ce bai manta ba, in je magaza, ɗakin ajiyar hatsi na bayan kasuwa.

Abin da na gani a can har yau ina iya zana shi. Dogayen kamiyo uku cike da dawar taimako, wadda aka kwana biyu ana jira, sun jera a bakin magaza. Jikin katanga kuma mutanen da fari ya koro daga arewa ne zaune, mata da tsofaffi, kowa da ƙwarya ko tsohon buhu a gabansa. Suna da yawa ƙwarai, amma ba ka jin maganar kowa. Dokar wurin ita ce ba a fara rabo sai an sauke kaya duka. Ƴan dako wajen arba'in ke aikin, su ma ana ƙirga haƙarƙarinsu. An jingina katako daga bayan kamiyo zuwa ƙasa. Mutum biyu a sama suna ɗora buhu, mai ɗauka ya sauko ta katako, ya shiga magaza, ya fito ya koma layi.

A bakin ƙofar magaza Tanko ke tsaye, ba takalmi, da tsohuwar singileti, ganga a hammata.

Na ji shi a rediyo ya fi sau ɗari, kullum ina ɗaukar abin na nishaɗi ne. A nan na gane waƙar kayan aiki ce, kamar yadda sitiyari yake a wurina. In ya ja baiti, mai ɗauka ya sunkuya. In aka amsa, buhu ya hau kai. Bugun gangar shi ne takun ƙafa a kan katako, ba wanda ke riga shi, ba wanda ke bari ya wuce. Yana cewa, "Ɗauka, ɗan Hamma, akwai mai jira," su kuma su amsa da murya ɗaya, "Mun ɗauka, ba mu ajewa." Idonsa na kan gwiwoyinsu. Wanda ya ga ƙafarsa na rawa, sai ya kira sunansa da na ubansa da na garinsu, ka ga mutumin ya miƙe kamar an zuba masa ruwan sanyi. In katako ya fara lilo sai ya sassauta bugu, layi duka ya sassauta. Na tsaya baki buɗe har na manta abin da ya kawo ni.

Agogo ne ya tuna mani. Uku saura kwata. Na kutsa ta tsakiyar layi na je gabansa.

"Baba, ku gafarce ni, lokaci ya yi. Ga mota can."

Saboda ladabi irin nasa, sai ya dafe fatar ganga don ya ba ni amsa.

"Sannu da zuwa, ɗana. Ka gani, kamiyo guda da rabi ya rage. Kuma ba a sallame ni ba."

Maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Amma da gangar ta yi shiru sai takun ya watse. Wani da ke tsakiyar katako ya rasa inda zai sa ƙafa, ya yi tangaɗi, buhu ya zame daga kansa ya fashe a ƙasa. Dawa ta bazu cikin rairayi. Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni da na fi jin sauƙi. Matan jikin katanga suka taso a hankali, suka durƙusa suna tsince ƙwayar ɗaya bayan ɗaya, suna hure ƙasa, suna mayarwa cikin fasasshen buhun. Ba wadda ta sa ko ƙwaya a ƙwaryarta. Tanko ya ɗaga hannu ya ci gaba da bugu, bai sake kallona ba.

Kunya ta rufe ni. Na waiga sai na ga mai jar hula zaune a inuwar kamiyo yana dubana. Na je gabansa na tsuguna, da gogaggen wandona, cikin ƙasa.

"Sarki, na yi laifi. Ranar da na kawo takarda ku ya kamata in fara gaidawa."

"Ina zaune ranar," in ji shi. "Ka karanta muna ita kamar mai karanta ma bango. Ba komi, yaro ne kai." Ya gyara sandarsa. "Tanko namu ne. Mawaƙin dako ba shi tashi sai dako sun tashi, kuma ba shi shiga gabansu. Gari na son girmama shi, madalla, mu ma muna so, mun wanke riguna tun jiya. Da ka yi mani magana da na gaya maka ranar da kamiyo ya zo ba mu da biki. Dubi mutanen can. In ya bar wurin ga, yaran nan ba su gama aikin ga yau. Rabinsu koko kaɗai sunka sha tun safe, waƙar ce ke riƙe da su."

"Sarki, in ban kai shi uku da rabi ba, aikina ya tafi. Mutum goma sha tara ke bayana."

Sarki ya ce da Zabarmanci, "Kala suru," wato sai haƙuri. Sannan ya ƙara da cewa, "Ni hanya guda na sani. Buhun ya ƙare da wuri."

Na koma jikin mota na tsaya ina lissafi. In na tafi Pilato ba kowa a baya, an kore ni uku da rabi. In na tsaya nan ina kallon agogo, an kore ni ƙarfe huɗu. Ba zan ce muku jarumta ce ta motsa ni ba. Tsoro ne, da kunyar buhun da na fasa. Na cire rigar kaki na ninke a kan kujera, na cire takalmi, na kulle mota, na je wurin masu ɗorawa na ce a ba ni gammo, tsumman nan da ake naɗewa a ɗora a ka kafin kaya.

Dariya ta tashi a layi. Wani ya ce, "Shofer, wannan ba ta da birki fa." Amma suka ba ni, suka matsa mani wuri.

Da buhun farko ya sauka a kaina na ji wuyana ya shige cikin kafaɗu. Idona ya yi duhu. Katakon da na ga suna saukowa a kai kamar wasa, a ƙarƙashina ya zama siriri, yana rawa. Na yi taku biyu gwiwata ta fara lanƙwashewa, na san faɗuwa zan yi. Sai na ji sunana. Ban san lokacin da ya tambaya ba, ban san wa ya gaya masa ba. "Lawali ɗan Abdu, na Dakoro, mai farar mota ya aje mota." Mutum arba'in suka amsa a bayana da gabana. Wallahi ban san daga ina ƙarfin ya zo ba. Ƙafata ta sami gangar, ta bi ta, na ga kaina a cikin magaza ana sauke mani kaya. Na fito ina haki, na koma layi ba wanda ya ce in koma.

Ganin direban gwamnati da buhu a ka ya sa mutanen kasuwa suka fara matsowa kallo. Daga kallo sai wani tela ya tuɓe riga, wasu mahauta biyu suka biyo shi, sai ƴan taksi. Aka jingina katako na biyu. Tanko na ganin sabon kai sai ya nemi sunansa ya jefa cikin waƙa. Ƙarfe huɗu ta yi ta wuce ina sane, amma ba ni da hannun duba agogo.

Wajen biyar saura kwata na ji ƙarar jif ɗin soja, ashe labari ya kai Pilato. Masu kallo suka dare biyu. Ina saukowa daga katako da buhu a kai, zufa na shiga mani ido, sai ga Komanda tsaye a gabana cikin kakin biki, igiyoyi a kafaɗa. Ba halin in sara masa, ba halin in ajiye. Ganga kuma ba ta tsaya ba, ko sassautawa ba ta yi ba. Sai na ratsa ta gefensa na shiga magaza. Da na fito yana nan inda na bar shi.

"Kai ne direban?"

"Ni ne, mon komanda."

"Ina motar?"

Na nuna ta.

"Wa ke cikinta?"

"Ba kowa, mon komanda."

Ya duba agogonsa. Na sa hannu a aljihu na kama makulli, don in ya miƙo hannu kada in ɓata masa lokaci. A raina ina ganin fuskar ƙanin babana. Sai ga Sarkin Dako ya taso da sandarsa, ya gaida Komanda gaisuwar dattijo ga babba, ba rawar jiki. A taƙaice ya gaya masa abin da ya gaya mani: mawaƙin nasu ne, ba ya tashi sai aiki ya tashi, kuma ga masu jira.

Komanda ya saurara har ƙarshe. Ya juya ya dubi mutanen jikin katanga, ya daɗe yana dubansu. Ya dubi layin, ya dubi tsohon da ke buga ganga bai ko ɗago ya gaishe shi ba. Na taɓa ganin an kulle mutum a kan abin da bai kai wannan ba.

"Saura nawa?" ya tambayi Sarki.

"Rabin kamiyo."

Ya kira sojan da ke tuƙa jif, ya ce ya koma Pilato ya gaya wa Mushe Sumana kowa ya zauna inda yake, sannan ya dawo da jif. Sannan ya dube ni.

"Me kake jira? Layinka ya wuce."

Na saki makulli na ruga. Shi kuwa ya koma gefen ƙofar magaza, daura da Tanko, ya haɗa hannuwa a baya, ya tsaya cikin rana. An kawo masa kujera ya girgiza kai. Duk sanda na wuce da buhu yana nan a tsaye, kuma ni dai ban ga ya sake duba agogo ba.

Biyar da rabi buhun ƙarshe ya shiga. Tanko ya yi bugu uku ya dafe ganga. Mai magaza ya buɗe ƙaramar ƙofa, matan suka fara tashi suna jeruwa. Aka yi la'asar a gurguje a nan filin, Komanda a sahu ɗaya da mu. Da aka sallame, Sarki ya ɗaga murya.

"Tanko, an sallame ka. Gari na kiranka. Dako, ku shige gaba."

Na mayar da rigata a kan jikin da ke jiƙe sharkaf, na ruga na buɗe ƙofar baya, na tsaya yadda aka koya mana. Tanko ya leƙa ciki, ya shafa kujerar da tafin hannu, ya yi murmushi.

"Tana da kyau, ɗana. Amma in na shiga wagga zan riga su isa."

Na dubi Komanda. Ya ce, "Bi shi a baya."

Haka muka tashi daga Wadata. Sarkin Dako a gaba da sandarsa. Bayansa ƴan dako, wasu na tura kurarsu ba kaya, jikinsu fari fat da garin buhu, rigunan da suka wanke a saɓe a kafaɗa don ba lokacin sawa. Bayansu Tanko, ƙafa ba takalmi, yana bugawa a hankali. Bayansa ni, cikin farar mota, a giya ta ɗaya, ba kowa a kujerar baya. Bayana kuma jif ɗin Komanda.

Ba wanda ya shirya abin da ya biyo baya, ba ya cikin takardar kowa. Teloli suka bar kekuna a buɗe suka fito. Masu taksi suka gangara gefen hanya, suka kashe mota, suka fito suka tsaya. Mata na fitowa daga gidaje suna guɗa, tsofaffi na ɗaga hannu suna yi masa sannu da Zabarmanci, "Fofo, Tanko, fofo." Wata tsohuwa ta fito da ƙwaryar ruwa, a shekarar da ruwa ke da daraja, ta miƙa masa. Bai sha ba sai da ya tura ta gaba ta zagaya ƴan dako, abin da ya rage ya kurɓa. Duk unguwar da muka ratsa sai ta zubo mutanenta a bayanmu. Da muka fara hawa Pilato na duba madubi, ban ga ƙarshen jama'a ba. Ba turereniya, ba ihu, sai takun ƙafa da ƙaramar ganga guda. Injin ya yi zafi, hawaye na zuba ban iya sharewa ba don hannuna ba ya ɗaguwa. Ban ji kunyar kukan ba.

A filin, manyan gari sun kusa awa uku a zaune, ba wanda ya motsa tunda an ce Komanda ya ce a zauna. Mushe Sumana ya soke jawabai duka sai guda. Da aka zo ba da riga, Komanda ya karɓe ta daga hannun mai riƙe da ita, ya yi taku zuwa wajen Tanko, sai ya tsaya. Ya juya ya miƙa wa Sarkin Dako. Sarki ne ya zura wa Tanko ita a kan tsohuwar singileti, shi ne kuma ya maƙala masa lambar. Ƴan dako suka yi wata irin gunza daga ƙirji wadda na ji ta har cikin sitiyari.

Aka kawo masa makirfo. Muryarsa ta dushe, awa biyar yana aiki da ita. Ya dubi tiribin, jerin manyan riguna da kwat a kan kujeru.

"Ku yi mani gafara," in ji shi. "Na gode ma garin da ya haife ni. Amma ban iya waƙa ga wanda ke zaune ba. Ban taɓa yi ba, ban san inda zan kama ba."

Ba da gatse ya faɗa ba, gaskiyarsa ce kawai. Komanda ne ya fara miƙewa. Sai na kusa da shi, sai sahu na biyu, har tiribin duka ya tashi tsaye, da masu sanda da masu tumbi. Tanko ya buga ganga, ya ja baiti guda da ragowar muryarsa. Ƴan dako suka amsa, filin ya amsa, mutanen da suka cika tituna har inda ido ba ya kai suka amsa. Na yi shekaru ina kai manya wuraren taro, ban taɓa jin gari guda ya yi magana da baki ɗaya ba sai ranar. Kiran magariba ne ya raba mu.

Lahadi na tashi wuyana ya sandare. Dama ba ya juyawa, hagu ba ya juyawa, in aka kira ni sai in juyo da jiki duka. Ban gaya wa kowa a gida abin da nake jira ba. Litinin da safe na zo garajin nan ina ɓoye ciwon, ina roƙon Allah kada a aike ni, don direban da ba ya waiwaye kashe mutane zai yi. Ina isowa aka ce Mushe Sumana na nemana a biro, wato ofis.

Takarda ce a gabansa, da sa hannun Komanda. Ya karanta mani: an dakatar da ni daga aiki kwana uku, saboda na bar motar gwamnati ba kowa. Na tsaya ina jiran sauran. Ya ninke takardar.

"Shi ke nan, shef?"

"Shi ke nan. Kawo makulli, Alhamis ka zo ka karɓa." Ya dube ni yadda nake tsaye ƙiƙam, ya danne dariya. "Akwai saƙo na baki. Komanda ya ce wanda bai saba ba, wuya yana kwana biyar kafin ya juya. Ka ci biyu, ga sauran uku. Ya ce ka shafa man kaɗanya mai ɗumi, kuma kada ka kwana kan matashi."

Na fito na zauna a bakin rumfar can, inda kuke wanke motoci yanzu, na daɗe ban iya tashi ba. Alhamis da safe wuyana ya juya, daidai yadda ya faɗa. Ban taɓa tambayar inda hafsan soja ya koyi wannan lissafi na ƴan dako ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba har aka canja masa wurin aiki.

Abin da na ɗauka daga ranar, ku ma ku riƙe shi. Ordir na ba ka sunan mutum da adireshinsa da lokaci, amma ba ta gaya maka ko shi na wane ne. Kowa da ka gani yana da waɗanda suka riƙe shi har ya kai inda gwamnati ta san sunansa. Tun daga ranar, duk inda aka aike ni, kafin in buɗe ƙofar mota sai na nemi wanda zai sallami baƙona, in tsuguna in gaishe shi tukuna. Bayan nan na ɗauki ministoci, na ɗauki baƙin ƙasashe da babura na jiniya a gabana. Amma tafiya mafi girma da na yi a aikin nan ita ce daga Wadata zuwa Pilato, a giya ta ɗaya, ba kowa a kujerar baya.